Waifai ba ya kai ɗakin sama: rifita zan saya ko rauta zan canza?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga masana. Gidana bene ne, ƙasa da sama, ginin bulo da siminti. Rautar, wato akwatin da ke watsa waifai, tana falon ƙasa, cikin kantar talabijin, domin ta nan masu haɗa layi suka shigo da kebul ɗinsu. A falo ba matsala. Amma da zarar na hau sama, musamman ɗakin ƙarshe inda nake aiki da kwamfuta, sigina sanda ɗaya ne, wani lokaci ya ɗauke ɗungurungum. Kiran bidiyo kuwa sai fuskar mutum ta daskare, murya na zuwa guntu-guntu. Uwargida ma tana ƙorafi a kicin. Wani ya ce in sayi rifita, na'urar da ke maimaita siginar waifai, wani ya ce rauta zan canza, wani kuma ya ce in ƙara wa kamfani kuɗi su ba ni layi mai gudu. Kafin in zubar da kuɗi, wanne ne daidai?

Autan Gida:
Wa alaikumus salam. Yaya, rifita ka saya ka huta. Ka soka ta a soket ɗin matakala, ka danna maɓalli, an wuce wurin. Ni haka na yi, yanzu har banɗaki sanduna cike suke.

Mai Kebul:
Wa alaikumus salam. Baban Amira, riƙe kuɗinka tukuna. Abu biyu mutane ke haɗawa su kira su netwok: layin da kamfani ya kawo maka har bakin rauta, da waifai ɗin da rautar ke watsawa a cikin gida. Kowanne da ciwonsa. In layin ne rago, ko rifita goma ka jera ba abin da zai ƙaru. In kuma layin lafiya lau yake, ƙara wa kamfani kuɗi asara ce, domin ruwa ya iso bakin ƙofa, bututun cikin gida ne ya toshe.

Ga aikin yau. Ɗauki laftof ka haɗa ta da rautar da kebul, ka kashe waifai ɗinta, ka gwada gudu a Speedtest ko fast.com, ka rubuta abin da ka gani. Cire kebul, ka sake gwadawa da waifai kana tsaye gaban rautar. Daga nan kicin, sannan ɗakin aikin. Kowane wuri sau uku, a lokacin da yara ba sa kallon bidiyo.

Sannan ka daina kallon sandunan nan. Kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa, sanda uku a wata waya biyu ce a wata. Lamba muke so. A Android akwai manhajojin auna waifai da ke nuna ƙarfinsa da ma'aunin dBm. A Mac ka danne maɓallin Option ka latsa alamar waifai da ke sama, za ka ga RSSI, wato lambar ƙarfin sigina. A iPhone manhajar AirPort Utility tana yi, amma sai ka kunna mata binciken waifai a cikin saiti. Kawo mana lambobin.

Gwanin Rauta:
Duk wannan gwaje-gwajen na mene ne? Rautar da kamfanonin layi ke bayarwa yawanci ta jeka-na-yi-ka ce. Ya sayi mesh mai Wi-Fi 6, wato akwatunan waifai biyu ko uku da ake rarrabawa a gida suna aiki tare, ya manta da zancen. Muna zamanin Wi-Fi 7 ana ta fama da tsoffin akwatuna.

Mai Kebul:
Gwani, wataƙila nan za a ƙare. Amma gwajin ba ya cin ko sisi, kuma bai fi rabin awa ba.

Baban Amira:
Na dawo. Layin da nake biya na megabit 100 ne. Da kebul na samu 94. Da waifai a gaban rauta 88. A kicin tsakanin 15 da 20. A ɗakin aiki 4, sau ɗaya ya kai 7, sau ɗaya ma gwajin ya ƙi farawa. Ƙarfin sigina: falo -41, kicin -72, ɗakin aiki -83. Ban gane wannan alamar ragin ba, wanne ne babba?

Mai Kebul:
Madalla. To ka cire zancen ƙarin kuɗin layi daga lissafi, kamfani ya sauke nauyinsa. Matsalar tsakanin falo da ɗakinka take.

Lambar, duk wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi. -41 sigina ne ƙosasshe. Daga -50 zuwa -60 komai zai yi. Wajen -67 shi ne iyakar da masu girka waifai ke nema don kira da bidiyo su tafi sumul. Da ka wuce -70 an fara tangal-tangal, -80 kuwa sai dai a ce akwai shi. Kuma ba lissafin ɗaya-biyu-uku ba ne: duk ragin 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, duk ragin 10 kashi ɗaya cikin goma ne ya saura. Tsakanin falonka da ɗakinka akwai 42. Ma'ana abin da ke isowa teburinka wajen kashi ɗaya cikin 16,000 ne na abin da ke gaban rautar. Abin mamaki ma shi ne da ka samu 4 ɗin.

Ina sauran ya tafi? Nisa yana ci, duk ninka tazara sau biyu yana rage wajen 6 ko a fili ne fetal. Amma babban ɓarawon shi ne gini. Bangon siminti, da uwa uba dabe mai rodi da ke tsakanin ƙasa da sama. Ƙarfe ba ya barin sigina ya ratsa, mayar da shi yake yi. Kuma ka lura: sigina ba ya bin matakala kamar mutum, miƙewa yake daga rauta zuwa na'ura. Idan ɗakinka yana can ƙarshen gida, a karkace yake ratsa daben, sai kaurin da zai keta ya ninka. Ga shi kuma ka kulle rautar a kanta, bayan talabijin, kusa da ƙasa. Ka ɗaure ta kafin ta fara gudu.

Fara da abin da ba na kuɗi ba. Fito da ita daga kantar. Ɗora ta a sama, kamar tsayin kai ko fiye, a sarari, nesa da talabijin da madubi da duk wani abu na ƙarfe. In kebul ɗin zai ba ka dama, matsar da ita kusa da bakin matakala, wurin da babu dabe a sama.

Maman Yusra:
Madubi kuma? Ni na ɗauka gilashi ne kawai.

Mai Kebul:
Hajiya, bayansa fentin ƙarfe ne, shi ya sa kike ganin fuskarki. Yadda yake mayar da haske haka yake mayar da sigina. Babban madubin jikin wadrob yana iya yi wa rabin ɗaki inuwa. Ruwa kuma shanyewa yake yi: tankin ruwa, kwalbar kiwon kifi, har jikin mutane idan ɗaki ya cika.

Maman Yusra:
Ikon Allah. To bari in faɗa wa Maman Amira abin da na gano a nawa kicin ɗin, ko zai yi mata amfani. Na daɗe ina sauraron karatu a waya ina aiki, sai ya riƙa tsayawa ba dalili. Na zagi kamfani har na gaji. Wata rana na lura duk lokacin da na kunna maikurowef ne yake tsayawa, da ta yi ƙarar gamawa sai ya ci gaba. Na gwada sau uku, haka ne. Ɗana ya mayar da wayata kan ɗaya sunan waifai ɗin mai 5G a ƙarshe, shi ke nan ta daina.

Autan Gida:
Anti, 5G ai na layin waya ne. Me ya haɗa shi da rautar gida?

Mai Kebul:
Auta, ku duka kuna da gaskiya, sunan ne ya rikita. 5G na kamfanonin waya yana nufin zubi na biyar na fasaharsu. Wanda Hajiya ta gani a sunan waifai gajartawa ce ta gigahaz 5, wato zangon da rautar ke watsawa a kai. Ba abin da ya haɗa su sai haruffa.

Yawancin rautoci zango biyu gare su, 2.4 da 5. Maikurowef tana aiki a kan 2.45, tsakiyar zangon farko ke nan, kuma ɗan abin da ke tsiyaya daga jikinta ya isa ya danne sigina mai rauni. Bluetooth ma a 2.4 yake, haka wasu na'urorin sauraron jarirai da kyamarori marasa waya. Zangon 5 ya fi faɗi, ya fi gudu, ba cunkoso, amma bango ya fi cinsa. Zangon 2.4 ya fi nisa amma kasuwa ce. Saboda haka na kusa da rauta su hau 5, na nesa su haƙura da 2.4.

Baba Mai Rediyo:
Wannan bayani ya tuna mini da gajeren zango da FM. Gajeren zango zai kawo maka tasha daga wata nahiya amma da shuuu a ciki, FM kuwa tangaram amma da ka yi nisa ta ɓace. Ashe duk kanwar ja ce. To ni tambayata, yarana: na ga ana lanƙwasa takardar alminiyam a bayan eriya wai tana ƙara ƙarfi. Gaskiya ne ko tatsuniya? Kuma a saitin tawa rautar na ga wurin ƙarfin watsawa, na kai shi ƙarshe, ban ga canji ba.

Gwanin Rauta:
Baba, da alminiyam na aiki da kamfanoni sun daina sayar da rauta.

Mai Kebul:
Baba, ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya. Ba ta ƙara ƙarfi, juya shi take yi, kamar ku sa tafin hannu a bayan fitila. Abin da gaba ya samu, baya ne ya rasa. In rautar tana jikin bangon ƙarshe, rabin siginarta na fita waje ga maƙwabta, to ana iya ɗan samun riba. Amma riba ce ta lamba biyu ko uku, ba za ta fasa dabe ba.

Zancen ƙarfin watsawa kuwa, waifai hira ce ta mutum biyu. Ku ɗauka rauta tana da lasifika, waya kuma raɗa take yi, domin eriyarta ƙarama ce kuma tana tattalin batir. In kun ƙara wa lasifika murya, wayar za ta ji, sanduna su cika, amma amsarta ba za ta koma ba. Shi ya sa mutum ke ganin sigina cike shafi ya ƙi buɗewa.

Tunda an zo kan eriya: mai kama da sanda ba ta harbi ta tsininta. Siginar kewaye ta yake yi, kamar taya da aka zura a sanda. In tana tsaye, gefe-gefe take watsawa, daidai da gida mai hawa ɗaya. Mai bene ya bar ɗaya a tsaye ya kwantar da ɗaya, don wani kaso ya nufi sama.

Baba Mai Rediyo:
Allah ya yi albarka. Ni da nake saita tsinin zuwa ɗakina kamar mai harbin tsuntsu.

Baban Amira:
Rahoto. Na fito da ita daga kanta, na kafa mata ɗan katako a bango kusa da matakala, iya inda kebul ya kai. Eriya biyu a tsaye, biyu a kwance. Kicin ya koma -61, uwargida ta ce a yi muku godiya. Ɗakunan sama na kusa da matakala sun gyaru. Amma ɗakin aikina -76, gudu wajen 12. Ya fi da, sai dai kiran bidiyo har yanzu yana cijewa da yamma. Da safe kuwa lafiya. Me ya sa yamma?

Ɗan Lantarki:
Maƙwabta sun dawo daga aiki ke nan. Duba manhajar nan ka ga waifai nawa take jiyowa a ɗakin.

Baban Amira:
Goma sha huɗu! Tawa tana tasha ta 4, akwai wasu a 3 da 6 da suka fi tawa ƙarfi a ɗakin.

Ɗan Lantarki:
To ga shi nan. A zangon 2.4 tashoshin a matse suke, tazarar megahaz 5 ce tsakaninsu alhali kowace rauta tana cin faɗin 20. Uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Wanda ya zauna a 4 yana shan hayaniyar mutanen 1 da ta mutanen 6 a lokaci guda. Gara ma ku haɗu a tasha ɗaya da maƙwabci, domin a nan rautocin suna jin juna suna yin layi, da ku yi rabi-da-rabi kowa na yi wa kowa surutu. Shiga saitin rautar ta burauza, adireshin yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Zaɓi wadda ta fi sarari cikin ukun, ka sa faɗin a 20, kada ka bar shi a 40. Kana ciki ka duba ko akwai sabuntawar manhajar rautar, ka kuma duba tsaro: WPA2 mai AES ko WPA3. In ka ga WEP ko TKIP ka canza, ban da rashin tsaro suna daƙile gudu a megabit 54. Ka leƙa jerin na'urorin da ke haɗe, in ka ga baƙo ka canza kalmar sirri.

Autan Gida:
Duk an zagaya an zagaya, har yanzu ɗakin bai samu ba. Na faɗa tun farko, rifita.

Mai Kebul:
Auta, yi mana alfarma ɗaya. Je banɗakin nan da sanduna suka cika ka gwada gudu, sannan ka gwada a gaban rautarka.

Autan Gida:
Gaban rauta 47. Banɗaki 11. Amma ai da ba na samun komai a wurin.

Mai Kebul:
Gaskiya ne, kuma in saƙonni da ɗan kallo ne buƙatarka, ta biya. Ba na cewa rifita banza ce. Amma ka ga abin da sanduna suka ɓoye maka. Sandunan nan, ƙarfin da ke tsakaninka da rifita suke nunawa, ba tsakanin rifita da rauta ba. Rifita mai rediyo ɗaya kamar tafinta ce: sai ta saurara, sannan ta maimaita, a tasha guda, ba ta iya yin biyun tare. Rabin gudu ya tafi tun kafin a yi maganar bango. Kuma abin da ta ji shi za ta maimaita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ta cikin ɗakin da ba sigina, alhali wurinta tsakiyar hanya, inda har yanzu take jin rautar da kyau, kamar -60 zuwa -65. Ga mai kiran bidiyo na aiki kuma akwai ƙarin jinkiri da yankewa, wanda shi ne ainihin abin da Baban Amira ke kuka da shi.

Gwanin Rauta:
Shi ya sa na ce mesh. Masu zango uku suna ware zango guda don magana tsakaninsu, ba rabin da ake rasawa. Sunan waifai ɗaya a duk gida, waya na sauya wuri da kanta, saiti a manhaja cikin minti goma. Ba kowa ke da lokacin shiga 192 kaza kaza ba.

Mai Kebul:
Wannan gaskiya ne, kuma ga wanda ba zai iya jan kebul ba, mesh ta fi rifita nesa ba kusa ba. Inda muka rabu da kai: zangon da suka ware ɗin nan na 5 ne ko na 6, waɗanda siminti ya fi ci. Daben da ya hana waya jin rauta zai rage wa mesh ɗin sama jin ta ƙasa. Kuma sabon zubi ba ya ƙara huda bango. Wi-Fi 6 ya fi iya raba lokaci tsakanin na'urori masu yawa, 6E da 7 sun ƙaro zangon gigahaz 6 mai faɗi, amma dokar kowace ƙasa ta ƙayyade ƙarfin da rauta za ta watsa, sabuwa da tsohuwa. Da a ce tasa irin ta zamanin 802.11n ce, na 2009, mai zango ɗaya, da na ce ya canza. Baban Amira, me aka rubuta a jikinta?

Baban Amira:
An sa AC1200.

Mai Kebul:
Wi-Fi 5 ce, zango biyu. Ta fi ƙarfin layin megabit 100. Kuma 1200 ɗin nan kada ta ruɗe ka, jimlar zangon biyu ce a takarda, 300 da 867 aka haɗa aka cike, ba wata na'ura da za ta ga wannan gudun.

Gwanin Rauta:
Na ji. Amma ko mesh ɗin ai ana iya haɗa su da kebul, a nan ne ma suka fi kyau.

Mai Kebul:
To ka ga mun haɗu a kebul.

Ɗan Lantarki:
Kafin a fara huda bango, akwai adafta masu bi ta wayar lantarkin gida. Guda a soket kusa da rauta, guda a ɗakin sama, intanet ya bi ta cikin wayoyin wuta. Na sa wa mutane da dama. Sai dai in faɗi gaskiya, sa'a ce. A wani gida ka samu 80, a wani 10, ya danganta da tsufan wayarin da yadda aka raba layukan wuta. In ƙasa da sama ba a fes ɗaya suke ba, wato ba reshen wuta ɗaya ke ba su lantarki ba, gudun yana faɗuwa sosai. Dole a soka su a bango kai tsaye, ba a ekstenshan mai kariyar wuta ba, domin yana tace siginar. Caja marasa kyau da injina ma suna sa musu hayaniya. In za ka saya, ka sayi inda za a karɓa in bai yi ba.

Baban Amira:
Akwai tsohuwar rauta a kwali tun wancan layin da na bari. Tana da amfani?

Mai Kebul:
Ita ce maganinka. Kebul ɗaya kake buƙata, Cat5e ko Cat6, daga rautar ƙasa zuwa sama. Yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100 ba tare da ya rage komai ba, bango da maƙwabta da maikurowef duk ba ruwansa da su. Ka nemi na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, saurin karyewa gare shi.

Tsohuwar rautar za ta zama tashar waifai ta biyu. In tana da zaɓin AP a saiti, wanda ke mayar da ita tashar waifai kawai, kunna shi kawai. In babu: haɗa ta da laftof ita kaɗai, ka ba ta adireshi a gidan su babbar wanda ba mai amfani da shi, misali in babbar 192.168.1.1 ce ita ta zama 192.168.1.2, ka kashe DHCP ɗinta, mai raba wa na'urori adireshi, sannan kebul ɗin ya shiga ramin da aka rubuta wa LAN, ba WAN ba. Sunan waifai da kalmar sirri su zama iri ɗaya da na ƙasa, amma tasha daban. In ƙasa na 1, sama ta hau 11. Kwamfutar aikinka kuma kada ma ta hau waifai, ja mata guntun kebul daga ɗaya ramin.

Maman Yusra:
Ni dai ina jiye muku ranar da Maman Amira za ta ga baƙin kebul ya ratsa mata falo. Ku nemi fari, siriri mai faɗi, a bi da shi ta gindin bango ko cikin farar robar nan mai murfi. Nawa ta bayan labule ya bi ya fita ta taga ya hau sama, ba mai gani.

Ɗan Lantarki:
In zai bi ta waje a sa wanda aka yi don waje ko a zura shi a bututu, rana tana cinye rigar na cikin gida. Kuma kada a jera shi manne da wayar wuta mai nisa.

Ummu Hanan:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni rautata mai sim ce, ba kebul daga kamfani. Na bi shawararku na kai ta tsakiyar gida, sanduna sun cika ko'ina amma gudu ya ragu. Me na yi ba daidai ba?

Mai Kebul:
Ba laifinki ba ne, shawarar ba ta irin taki ba ce. Rauta mai sim sigina biyu take fama da su: wanda take karɓa daga turken kamfanin waya, da wanda take ba ki. Kin gyara na biyu kin ɓata na farko. Irin wannan wurinta taga, a sama, ɓangaren da ke fuskantar turke. Zagaya da ita taga-taga kina gwada gudu. Inda ta fi samu nan za ta zauna, in waifai bai kai sauran gida ba sai a ja kebul zuwa rauta ta biyu kamar yadda muka faɗa wa Baban Amira. Ki dai kiyaye ta daga rana kai tsaye, zafi yana sa ta rage gudu ko ta riƙa kashe kanta.

Ummu Hanan:
Na gode. Tagar ɗakin yara ce ta fi, ta ninka na tsakiyar gida.

Baban Amira:
Jama'a an ja kebul, mita 25, fari, ta gindin bango, an tsira daga shari'a. Da farko komai ya rikice, wasu wayoyi su haɗu amma ba intanet. Ashe na manta ban danna adanawa ba bayan na kashe DHCP, rautoci biyu suna ta rabon adireshi. Na gyara. Yanzu kwamfuta da kebul 93, waya a ɗakin aiki -44, gudu 70 da wani abu. Na yi taro na awa biyu jiya da yamma ko sau ɗaya bai tsaya ba. Saura abu ɗaya: in na hau sama da waya, sai ta ci gaba da riƙe rautar ƙasa da sanda ɗaya, ga ta sama a gabanta. Sai na kashe waifai na kunna.

Gwanin Rauta:
Ka ga abin da mesh ke magancewa ke nan. Suna da fasahar 802.11k da v, suna nuna wa waya inda ya fi.

Mai Kebul:
Suna taimakawa, ban musa ba, amma ko a can wayar ce ke yanke hukunci, su shawara suke ba ta. Waya ba ta sakin rauta sai siginar ya faɗi ƙasa da wani mizani, iPhone misali sai ya kai wajen -70 take fara neman wata. Dabarar ita ce ka sa ta ƙasa ta yi saurin ɓacewa a sama. Rage ƙarfin watsawar zangon 2.4 na rautar ƙasa zuwa matsakaici, ka mayar da eriyun nan biyu da ka kwantar su miƙe, tunda yanzu ba a buƙatar ta a bene. Ka dai sake auna kicin bayan ka rage, kada a gyara sama a ɓata wa uwargida.

Baba Mai Rediyo:
Wato ni da na ƙure nawa, ragewa ma ake yi.

Baban Amira:
Na rage zuwa matsakaici, na miƙar da eriya. Kicin -64, ba ƙorafi. Wayata tana sauyawa kafin in kai ƙarshen matakala. Ta uwargida ce dai har yanzu take ɗan jinkiri, tsohuwa ce.

Autan Gida:
Yaya Mai Kebul, na matsar da rifitata daga ƙarshen baranda zuwa tsakiya, banɗaki ya koma 19. Tawa tana da rami ɗaya a ƙasa, irin na kebul. Shi ma zai yi wannan aikin na AP?

Mai Kebul:
Duba gefenta ko cikin saitinta, yawancinsu suna da zaɓin AP. In akwai, auna tazarar ka ƙara mita uku saboda kwana-kwana kafin ka yanko kebul.